Farar Auduga a Dutsen Tula

Ranar da Matiyu ya fara ganin Lois, ba don kansa ya je ba. Rakiya ya yi.

Alfred ne ya biyo masa makaranta da yamma a cikin sabuwar Fijo mai ƙamshin leda, ya ce ya shiga su je Kagarawal ya ga yarinyar da ta hana shi sukuni. A shekarun nan da kuɗin mai ya fara zuba a ƙasa, Alfred yana cikin waɗanda suka tara hannu da wuri. Jigilar siminti yake yi, yau yana Kaduna, gobe Legas, jibi ya dawo Gombe da sabon agogo. Matiyu kuwa malamin labarin ƙasa ne a sakandare, duk abin da ya mallaka bai wuce babur Honda guda da tarin taswirori ba.

Amma duk wanda ya san su ya san 'yan'uwa ne. Mahaifiyar Matiyu ta rasu yana jariri, Mama Jane, mahaifiyar Alfred, ta ɗauke shi ta haɗa da nata ta shayar. Tabarma ɗaya suka kwana, kwano ɗaya suka ci, in an tashi duka ma tare ake jera su.

Lois ta fito da tabarma a hannu, yatsunta da ɗan baƙin kabon, don tafireta take bugawa a ofishin auduga. Ta gaida su a natse. Matiyu ya amsa, ya yi 'yar barkwancin da aka san ɗan rakiya da ita, sannan ya ja jiki ƙarƙashin darbejiya kamar yadda ya kamata. Jikin nasa dai ya tafi, kunnen ne ya ƙi binsa.

A nan ya ji Alfred yana buɗe babban shirinsa. Ya ce samarin Gombe duk agogo da atamfa suke kawowa, shi kuwa sama zai kai ta. Akwai kamfani a Jos mai ba da hayar ƙaramin jirgi, kujera huɗu har da ta matuƙi, kuma ya riga ya gama magana da su. Abin da ya rage shi ne a tsara wa matuƙin hanyar da zai bi. Shi kam gobe zai wuce Legas, jiragen ruwan siminti sun yi cirko-cirko a gaɓa.

"Ga malamin taswira nan, ƙanena," in ji Alfred, ko da yake wata biyu kawai ya ba shi. "Duk inda kike son gani, ki faɗa masa. Bakinsa bakina ne."

Lois ta juyo ta dubi Matiyu sosai a karo na farko.

"Malam, daga sama ana iya gane gida guda ɗaya?"

"Ana iyawa," ya ce, "in an san inda za a duba."

Ta yi murmushi. Tun daga lokacin ya san akwai matsala, kuma da yana da wayo da a nan ya ce aiki ya yi masa yawa. Bai ce ba.

Kafin Alfred ya tafi, Mama Jane ta ɗauki dattawa biyu suka kai kayan gaisuwa wurin Baba Noah, mahaifin Lois, tsohon ma'aikacin reluwe. Baba Noah ya karɓa ya ajiye a ɗakinsa. Lois ba ta ce e ba, ba ta kuma ce a'a ba, aka ɗauki shirun nata a matsayin kunya.

Haka aka fara tsara tafiya. Da yamma Matiyu zai shimfiɗa taswira a kan tabarma, ya danne kusurwoyinta da duwatsu, Baba Noah na gefe a kujerar malam-na-kwance da rediyonsa a kunne. Matiyu ya nuna mata yadda za su tashi da sassafe kafin iska ta yi zafi ta fara jijjiga jirgi. Za su nufi gabas su zaga Dutsen Bima, su bi Kogin Gongola, sannan su karkata kudu su wuce ta gefen Dutsen Tangale. Aikin da zama biyu ya isa a gama shi sai ya zama kullum akwai abin da aka manta.

Ita ta sa masa suna Malam Taswira. Shi kuma ya riƙa kiran ta 'Yar Tula, tun ranar da ta ɗora yatsa a can ƙasan takardar ta rage murya don kada Baba ya ji. Ta ce a kan tsaunin Tula aka haife ta, a can mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, Baba ya ɗauko ta suka sauko Gombe, bai sake komawa ba, bai kuma yarda a yi zancen ba. Abin da take iya tunawa kaɗan ne: wata tsamiya, coci mai jinkar kwano, da falalen dutse a bayan gida inda aka binne mamarta kusa da shi.

"Ban taɓa faɗa wa kowa ba," ta ce. "Ban san abin da ya sa na faɗa maka ba."

Matiyu ya san abin da ya sa, kuma sanin ne ya hana shi cin abinci a ranar.

Har gaisuwar rediyo shi yake rubutawa. Alfred ya bar masa katunan zaɓi-sonka ya ce ya riƙa cikewa yana aikawa da sunansa. Wata Asabar suna zaune aka karanto: "Alfred daga Legas yana gaida Lois ta Kagarawal a Gombe, ya ce duk tsawon hanya, in an san inda za a duba, ba a ɓata." Baba Noah ya gyaɗa kai ya ce yaron nan akwai hankali. Lois ta ɗago ido ta dubi mai hankalin na gaskiya, shi kuma ya shiga gyaran dutsen da ke kan taswira.

A gida abin ya fi tsanani. Mama Jane ta lura ya rame, ta ce hidimar ɗan'uwansa ce ta cinye shi, sai ta fara ƙara masa nama a miya. Duk tsokar da ta ƙara, sai kunya ta ƙara kama shi. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya je gidan waya ya sa aka haɗa shi da Legas, da niyyar ya faɗi gaskiya. Kafin ya buɗe baki Alfred ya fara zuba godiya ta cikin ƙarar layin, ya ce a duniyar nan shi kaɗai zai iya bar wa irin wannan amana ya yi barci. Matiyu ya ce ba komai. Ya ajiye waya ya fito yana jin kansa ɓarawo.

Duk da haka, ranar Asabar ta gaba ya hau Hondarsa ya kama hanyar Kaltungo, ya haura tsaunin Tula yana tura babur a wuraren da hanya ta gagara. Ya gaya wa kansa aikin Alfred yake yi. Ya yi ta tambaya har aka kai shi wurin Goggo, ƙanwar Baba Noah, wadda ke zaune a tsohon gidan. Ga tsamiyar, ga falalen dutsen, ga kabarin an kewaye shi da ƙananan duwatsu. Amma ya duba ya ga daga sama duk gidajen iri ɗaya za su zama, cocin ma yanzu ba shi kaɗai ke da kwano ba.

Goggo ce ta warware masa. Ta ce ai an fara tsinkar auduga, in ya gaya mata ranar, za ta shanya tata da ta maƙwabta a kan dutsen, fari fat, ko makaho ya gani. Sannan ta ƙare masa kallo ta tambaye shi ko shi ne mijin da za a ba Lois.

"A'a, Goggo. Ɗan aike ne ni."

Ta ce to, ita dai ba ta taɓa ganin ɗan aiken da ya turo babur har kan Tula ba.

Matuƙin ya aiko cewa yana buƙatar nauyin kowane fasinja, don ƙaramin jirgi ba ya son ƙarya. Sikelin da ya fi kusa shi ne na awon auduga a wurin aikin Lois. Bayan an tashi daga aiki, ta hau kansa tana dariya, ta ce in ya kuskura ya faɗa wa wani abin da ya gani, ita da shi ne. Ya yi alkawari. Dariyar ta ƙare, amma ba ta sauko ba.

"Malam Taswira, in jirgin nan ya tashi ya sauka, me kuma za mu ce muna tsarawa?"

"Shi ke nan an gama."

"Ka san ba a gama ba."

Ya sunkuyar da kai. "'Yar Tula, nono ɗaya muka sha da shi. Uwarsa ce ta raya ni."

"Na sani. Ni ma ba na barci. Mutumin kirki ne, bai yi mini komai ba, kuma na bar shi yana ta ɗawainiya. Amma ba zan iya yi wa zuciyata ƙarya ba. Kai nake so."

"Ni ma," ya ce, da muryar wanda ake yanke wa hukunci. "Shi ya sa ba zan hau jirgin ba."

Kujera ta huɗu tasa ce, Alfred ya faɗa tun farko. Kuma Matiyu, da ya shekara yana koya wa yara siffar ƙasa a kan allo, ba abin da yake buri kamar ya gan ta daga sama sau ɗaya. Washegari ya je ya roƙi Baba Noah ya karɓi kujerar. Ya ce bai dace budurwa ta tashi sama da samari biyu ba tare da babba ba, tsohon kuwa ya ga hujjar ta yi. Lois ta ɗauka guduwa yake yi ya bar ta da nauyin ita kaɗai. Ta daina fitowa in ya zo, ta aiko masa da taswirarsa a naɗe.

Alfred ya dawo ana jibi tafiya, da tabarau na matuƙa da kyamara a wuya. Ranar tafiya Matiyu ya miƙa wa matuƙin taswirar hanya, ya yi masa alama a kan Tula, ya ce ya sauko ƙasa-ƙasa ya nemi wani farin wuri a bayan gida mai tsamiya. Alfred bai tambayi ko mene ne ba, yana can yana gaisawa da mutanen da suka taru a filin jirgi kallo.

Jirgin ya tashi da sassafe, Baba Noah a gaba kusa da matuƙi ya ƙanƙame hularsa, Alfred da Lois a baya. Gombe ta koma ƙasa da jinkunanta, layin dogo ya zama zare, gonakin Tumfure suka zama kamar facin riga. Suka zaga Bima, suka bi Gongola tana walƙiya. Alfred yana ta ɗaukar hoto yana nuna wa Lois titunan da motocinsa ke bi. Ta riƙa gyaɗa kai cikin ladabi.

Sai jirgin ya karkata ya fara sauka kan wasu tsaunuka masu gonaki hawa-hawa. Baba Noah ya saki hular. Can ƙasa, a bayan wani gida mai tsamiya, ga falalen dutse ya yi fari fat, mata sun kewaye shi suna ɗaga zannuwa. Tsohon ya kafa goshinsa a gilashi yana hawaye.

Lois ta damƙi hannun da ke kusa da ita da dukkan ƙarfinta, idonta na kan taga, ta ɗaga murya sama da ƙarar injin.

"Matiyu, ga ta can. Ga Mama can."

Hannun Alfred ne. Ya ji sunan sarai, ita ma ta ji abin da ta faɗa. Ta saki hannun a hankali. Har suka dawo Gombe bai sake ɗaga kyamarar ba.

Da suka sauka, Baba Noah ya kama hannuwan Alfred biyu yana sa masa albarka, ya ce ya kai shi kabarin matarsa, inda ƙafarsa ta kasa kai shi shekara da shekaru. Alfred mutum ne mai son yabo, amma ba ya cin wanda ba nasa ba.

"Baba, ni jirgi kawai na ɗauko. Ban ma san akwai kabari ba."

Ya taka zuwa bakin fili inda Matiyu ke tsaye jikin Hondarsa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kai ni."

Alfred ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya shiga mota ya tafi, kuma kafin yamma ya bar garin.

Baba Noah, da ya gane komai, ya rufe ƙofarsa. Ya ce ya san wanda ya hau Tula, kuma ba zai manta masa wannan alherin ba har ya mutu. Amma kayan gaisuwar Alfred na ɗakinsa, ba kuwa zai yarda a ce ya karɓi 'ya'yan gida ɗaya su biyu a kan 'ya ɗaya ba. Wanda ya kawo maganar farko shi zai zo da ƙafarsa ya warware ta. In bai zo ba, Matiyu kada ya sake taka Kagarawal.

Mama Jane ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce ita biyu ta shayar, ba wanda zai sa ta zaɓi ɗaya. Ta ci gaba da zuba masa abinci, sai dai ta daina zama kusa da shi in yana ci.

Da aka yi hutun Kirsimeti ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, ya samu Alfred a masaukinsa. Bai kare kansa ba. Ya faɗi komai, har da ranar gidan waya. Alfred ya saurara har ƙarshe.

"Ba Lois ce ta ƙona ni ba," ya ce. "A cikin jirgin nan na gane ban san ta ba. Na san tana da kyau, shi ke nan abin da na sani. Kai ne ka ƙona ni. Ka tsaya ina yi maka godiya, ka ce mini ba komai."

"Na ci amanarka, Yaya. Ka yafe mini."

Bai taɓa kiransa Yaya ba sai ranar. Alfred ya kau da kai, ya ce ya koma gida, shi bai shirya ba tukuna. Amma ya kai shi tasha da motarsa.

Watanni suka wuce. Matiyu ya kiyaye dokar Baba Noah, ko a coci daga nesa suke gaisawa da ido. Sau ɗaya Lois ta tsaya kusa da baburinsa bayan sujada, ta ce ta yi masa mummunar fahimta, ta kuma je ta ba Mama Jane haƙuri da bakinta. Ta ce za ta jira, ko shekara nawa ne. Ya ce kada ta yi alkawarin da zai cuce ta. Ta ce Malam Taswira ya tsaya a kan taswirarsa, wannan hanyar ita ta san ta.

Wata Asabar gab da Ista, Baba Noah na kwance a kujerarsa da rediyo, Lois na tsince shinkafa, Matiyu kuma na can ɗakinsa yana duba jarrabawa, aka karanto wata gaisuwa da rabin Gombe ya ji:

"Alfred daga Kaduna yana gaida mahaifiyarsa Mama Jane, da Baba Noah na Kagarawal, da Lois. Yana kuma gaida ƙanensa Matiyu, ya ce ya wanke babbar rigarsa ya goge, ranar Asabar mai zuwa za su je zance. Ya ce wannan karon shi ne ɗan rakiya. Ya kuma ce wannan katin da hannunsa ya rubuta."

Ya kuwa zo. Ya durƙusa gaban Baba Noah ya ce ya zo janye maganarsa ya shigar da ta ɗan'uwansa. Da tsohon ya tashi zai ɗauko kayan gaisuwar, Alfred ya ce a bar su inda suke, daga gida ɗaya suka fito. Sannan ya ja jiki ƙarƙashin darbejiya. Sai dai Alfred bai iya rakiya ba, daga can yake ta jefo baki, har Lois ta ce in bai yi shiru ba za ta kai ƙararsa wurin Mama.

An sa biki farkon damina. Goggo ta sauko daga Tula a bayan babbar mota da ƙunshi a kai. Audugar da ta shanya a kan dutsen ce ta kaɗa zare ta kai wa masaƙi ya saƙa farin gwado. Ta ce a ba ɗan aike. Baba Noah ya shafa gwadon, ya ce in an gama biki zai bi Goggo ya je ya ga wurin da ƙafarsa.

Da safiyar ɗaurin aure, kafin a tafi coci, Mama Jane ta kira su biyun ɗakinta. Ta ajiye musu tuwo a kwano ɗaya, irin na da, ta zauna a gefe tana kallo. Matiyu ya sa hannu ya kasa kai loma baki, hawaye na ɗiga masa a kan sabuwar riga. Tsoka ɗaya ce a miyar, don da gangan ta sa haka. Alfred ya dubi tsokar, ya tura ta gefen Matiyu da yatsa.

"Ci, ango. Na yafe tun a tasha, so na yi ka ɗan ji a jikinka."

Matiyu ya ɗauki tsokar ya raba biyu. Mama Jane ta ɗora hannu ɗaya a kan kowannensu, ta ce Allah da ya haɗa su a ƙirjinta ya bar su tare, ya ba Matiyu da Lois zaman lafiya da zuriya mai tsoron Allah, ya kuma kawo wa Alfred wadda zai sani kafin ya ɗauko mata jirgi.

Suka ce amin, suka cinye tuwon tas, Alfred ya tashi ya tayar da mota ya kai ƙanensa coci.